Ranar da Na Fassara "Da Sauƙi"

Shekarun baya, lokacin ina aiki a wani ofishin kago, wato masu tura kaya gida, a unguwar Al Sabkha, akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba. Ba mahaifin kowa ba ne a cikinmu, amma duk Bakanon da ya sauka Dubai da jaka ɗaya da lambar waya a aljihu, a kwanonsa ya fara cin abinci. Ni ma haka. Ranar da na iso, wanda ya ce zai tare ni ya kashe waya, na zauna a bakin tashar bas ina zufa ina zare ido. Baba ya zo wucewa, ya kalli takalmina, ya kalli jakata, ya ce, "Kai ɗan nan, tashi. Irin wannan zaman na ɗan Kano ne da aka yi wa alkawari."

Ɗaurin kaya ne sana'arsa. Dilolin shadda da atamfa da takalma, shi ke danne su ya ɗinke da basilla kafin a kai sito a Al Quoz. Ya fi shekara talatin a garin. Matarsa ta rasu tun kafin in san shi, bai sake aure ba, bai kuma bar ɗa a gida ba. In ka tambaye shi yaushe zai koma, sai ya ce, "Bayan wannan kwantenar." Larabcinsa kamar a nan aka haife shi, yana taɓa yaren Indiyawa, Turancinsa kuma na ciniki ne, amma yana kai shi inda yake so.

Wata ranar Talata da rana tsaka ya faɗi a cikin sito, basilla a hannunsa. Shanyewar ɓarin jiki. Ya yi makonni a asibiti, sannan likitoci suka ce sun yi iyakar nasu, abin da ya rage jinya ce, kuma jikinsa ba zai ɗauki jirgi ba tukuna. Ko da zai ɗauka ma, hannun wa za a kai shi? Sai ƙungiyarmu ta 'yan kago ta zauna, aka yanke cewa za a riƙa yin karo-karo duk wata, a ajiye shi a wani gidan kula da tsofaffi da ke can wajen Dubai Investments Park. Kowa ya yi na'am. Har da masu hawaye.

Abin da ciwon ya yi masa da ya fi ba ni tsoro ba hannun ba ne, ba ƙafar ba ce. Harsunan ne. Larabcin nan ya tafi, na Indiyawan ya tafi, Turancin ya tafi, kamar an share allo. Hausa kaɗai ta rage masa, ita ma a hankali take fitowa ta gefen baki. A gidan nan kuwa, daga mai gadi har manaja, babu mai jin ko "zo".

Watan farko an yi zuwa, ba laifi. Mota biyu ake cikawa ranar hutu. Wata na biyu ya koma ni da abokina, wanda muke ɗaki ɗaya. A na uku abokina ya ce tafiyar nan tana cinye masa yini, jirgin ƙasa, sannan bas, sannan tafiyar ƙafa cikin rana. Ya ce, "Ka gaishe shi. Ai muna biya." Ban ga laifinsa ba. Ni ma ba don na fi su tausayi nake zuwa ba, gaskiya ita ce ba ni da inda zan je ranar hutu. Ba mata, ba dangi a garin. Gwamma in zauna kusa da wanda zai kira ni "ɗan nan".

Gidan tsaf yake, ba zan yi musu ƙarya ba. Sanyin na'ura har cikin ƙashi, ƙamshin maganin goge ƙasa, talabijin na ta surutu da yaren da babu mai saurare. Baba yana hawan ƙasa, inda ake ajiye waɗanda ba sa iya motsa kansu. A ƙarshen gadonsa akwai wata takarda da ake sa wa hannu duk bayan awa biyu, alamar an juya shi, don kada kwanciya ta ci masa baya. Mai juya shin wata nas ce 'yar Filifin, gajeriya, mai saurin tafiya. Ta koyi kalma ɗaya tak a bakina: "sannu". Da ita take gaishe shi, da ita take ba shi haƙuri, da ita take yi masa sallama. Baba kuwa ya zage yana ba ta labarin kasuwar Kurmi da Hausa, tana gyaɗa kai tana cewa, "Sannu, Baba, sannu."

Ana nan sai gidan ya aiko wa ƙungiya takarda cewa an canza tsarin biya. A da kowane gado kuɗinsa ɗaya. Yanzu za a tantance kowane tsoho, a ga yawan hidimar da yake bukata, a biya daidai da ita. Wanda sai an yi masa komai kuɗinsa daban, wanda ke iya taimakon kansa kuɗinsa daban. A takarda dai abin ya yi ma'ana. Suka ce a turo tafinta ranar tantancewa.

Shugaban ƙungiyarmu ya kira ni shagonsa ya ce, "Kai za ka je. Kai ne ɗan boko."

Jama'a, ku zo ku ga yadda na fasa kai. A lokacin ina ji da Turancina ba kaɗan ba. Ni ke rubuta wa kowa wasiƙar biza, ni ke faɗa da masu jirgin ruwa a waya. Har guga na yi wa rigata ranar.

Wata mata ce ta zo, da ƙaramar kwamfuta a hannu, ga alama tana da tsofaffi da yawa da za ta gani kafin azahar. Ta tsaya a gefen gado, ta yi murmushi, ta ce in tambaye shi yaya jikinsa.

Na ce, "Baba, wai ya jiki?"

Ya ce, "Da sauƙi. Alhamdulillahi."

Na juya na gaya mata da Turanci cewa ya ce yana warkewa. Ta danna.

Ta ce in tambaye shi ko akwai inda ke masa ciwo.

Ya ce, "A'a, ba komai."

Na ce mata babu. Ta danna.

Ta ce ko yana iya juyawa da kansa a kan gado.

Baba ya kalli silin, ya ce, "Da yardar Allah."

Na ce mata ya ce e, in Allah ya so. Ta danna.

Tambaya ta ƙarshe, ko yana son a riƙa leƙo shi a kai a kai. Nan Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ce, "Haba, kada a wahalar da 'ya'yan mutane. Suna ƙoƙari."

Na fassara shi tsaf, kalma bayan kalma, ina jin daɗin yadda Turancin ke fita. Matar ta ce, "Khalas," wato shi ke nan, ta miƙo mini in sa hannu a matsayin tafinta. Na sa, har da 'yar lanƙwasa a ƙarshe. Duka-duka ba mu yi minti goma ba. Ko zanin da ya rufa da shi ba ta ɗaga ba, ni ma ban ce ta ɗaga ba.

Kun san mu dai. Bahaushe yana kan gargara, ka ce masa ya jiki, zai ce da sauƙi. Na san haka tun ina yaro. Kakata da bakinta ta ce da sauƙi da safe, la'asar aka kai ta. Amma ranar, a gaban matar nan da kwamfutarta, sai na manta ni ɗan ina ne. Na ɗauki gaisuwa na mayar da ita rahoton likita.

Bayan mako guda aka mayar da Baba hawa na biyu, wurin masu ɗan ƙarfi. Abin da ƙungiya ke biya ya ragu. Shugaba ya dafa kafaɗata a gaban mutane ya ce, "Ka ga amfanin ilimi." Aka sayo mini shayin karak. Na sha, wallahi, har na ƙara.

Sai hidimar kayan Sallah ta taso. Duk wanda ya yi aikin kago ya san wannan lokacin: alhazai sun cika gari, kowa na son kwantenarsa ta riga ta wani isa, babu hutu babu Juma'a. Na yi mako shida ban taka gidan ba. Waya nake yi. Wata mai jinya ta ɗauka, ta kara masa a kunne.

"Baba, ya jiki?"

"Da sauƙi, ɗan nan."

"To madalla. Allah ya ƙara sauƙi. Zan shigo."

"Allah ya kawo ka."

In kashe, in koma kan awon kaya, zuciyata wasai.

Ranar da na samu zuwa, na biya wajen wata mata da ke tuwo a Deira, na sayo masa tuwon shinkafa da miyar kuka a kula. Ina shiga sai na yi kiciɓis da nas ɗin nan ta hawan ƙasa. Ba ta ce mini sannu ba. Ta kama hannun rigata ta ja ni gefe, ta ce tun da aka hau da shi ba a barin ta zuwa can, amma jiya ta saci jiki ta leƙa. Ta ce, "In ka shiga, kada ka tsaya gaisuwa. Ka ɗaga zanin."

Hawa na biyu dogon lungu ne, ƙofofi hagu da dama, mai jinya ɗaya tal tana ta kai da kawo da kwanon wanka a hannu. Tun daga bakin ƙofar Baba na ji warin. Yana kwance rigingine, yadda na tabbata aka ajiye shi tun safe, ko tun jiya. Babu takarda a ƙarshen gadon. A wannan hawan ba a juya kowa, tunda a rubuce kowa na iya juya kansa.

Na ajiye kular. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, zan duba bayanka."

Ya ce, "A'a, bar shi."

Ban bari ba. Na tallafo kafaɗarsa na mirgina shi, ya yi wata ƙara da ban taɓa jin ta a bakin babba ba. Ba zan kwatanta muku abin da na gani ba. Gyambo ne a ƙasan bayansa, faɗin tafin hannuna, ya yi zurfi, an manna masa auduga ta jiƙe. Innalillahi. Na zauna a ƙasa.

Da na samu bakin magana sai na hau shi da faɗa, don ban san wa zan yi wa ba. "Haba Baba! Haba! Kullum ina kiranka. Me ya hana ka gaya mini?"

Ya daɗe yana haɗa maganar a bakinsa. Sannan ya ce, "Na gaya maka."

"Yaushe?"

"Ka taɓa jin na ce na warke?"



Ya ce, "Su ba sa jin Hausa, ban ga laifinsu ba. Na ɗauka kai kana ji."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Da ma ya zage ni.

Na sauka ofishin manaja kamar zan ci babu. Na buga tebur, na zazzage duk Turancin da na tara tun daga firamare. Ya bar ni na gama, ya ce da Larabci, "Shwaiya, habibi," wato a hankali ɗan'uwa, ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa. Ga tambayoyi huɗu, ga amsoshi huɗu. Yana warkewa. Babu ciwo. Yana juya kansa. Ba ya son a dame shi. A ƙasa ga sa hannuna, da 'yar lanƙwasar nan tawa.

Ya ce, "Abin da kuka gaya mana muka yi. Abin da kuka biya muka ba shi."

Na fito ban san ta ƙofar da na bi ba. Kular tuwon ma a can na manta ta.

Washegari na sami shugaban ƙungiya na ce mu kai ƙara wajen hukumar da ke sa ido a kan irin waɗannan gidaje. Ya gyara zama ya ce, "Ɗana, mu baƙi ne a ƙasar nan. Kowa da bizarsa a hannun wani. A mayar da shi ƙasa, mu ci gaba da biyan na da, shi ke nan. Ƙaddara ce." Na ce, "Alhaji, ƙaddara ce ta hana a ɗaga zani?" Ya ce in iya bakina. Abokina ma da muka koma ɗaki ya ce, "Kai fa ka sa hannu. In aka tono, kanka za a fara."

Gaskiya ya faɗa, kuma na ji tsoro. Kwana uku ina rubuta takardar ƙarar ina gogewa. Duk yadda na juya ta don laifin ya tsaya a kan gidan, sai in ga ba ta tsayuwa sai na sa nawa a ciki. Ƙarshe na rubuta yadda aka yi. Na ce ni ne tafinta, na fassara kalmomin daidai, ma'anar ce na kashe. Na yi shafi guda ina bayanin cewa a wurinmu "da sauƙi" ba labarin jiki ba ne, ladabi ne, godiya ce ga Allah, kuma roƙo ne a sake tambaya. Ni kaɗai na sa hannu. Ni kaɗai na kai.

Jami'an hukumar sun zo, ba laifi. Suka duba Baba, suka duba sauran tsofaffin hawan, aka sami wasu biyu da irin ciwonsa. Suka ce ba daidai ba ne a sauya wa mara lafiya matsayi da maganar baki ba tare da likita ya duba jikinsa ba, suka sa gidan ya sake tantance kowa, suka ce a ƙara ma'aikata a sama. An ce an ci gidan tara. Ni ko gargaɗi ba a yi mini ba. Manaja yana nan a kujerarsa. Matar kwamfuta ban sake ganinta ba. Mu da muka yi murnar ragin kuɗi babu wanda ya tambaye mu komai.

Wadda aka kora ita ce mai jinyar nan ta hawa na biyu, wadda aka bar wa lungu guda ita kaɗai. Na gan ta a tashar bas ɗin da ke gaban gidan, da akwati da leda biyu, cikin rana. Bas ɗaya muka hau. Ta gane ni, na gane ta. Har muka isa tashar jirgi ban iya ɗaga ido na kalle ta ba, kuma har yau ban san da wane yare zan ba ta haƙuri ba.

Aka dawo da Baba hawan ƙasa, takardar awa biyu ta dawo ƙarshen gadonsa, nas ɗinsa ta dawo da "sannu". Amma gyambon ya riga ya shiga jini. Na koma zuwa duk mako, har da ranakun da ba na hutu ba, maigidana yana ta ƙorafi. Na daina ce masa ya jiki. Sai in ce, "Baba, nuna mini wurin." Sai ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya, ya ɗora a inda ke ciwo. Wata rana ƙugu, wata rana kafaɗa. Zuwan da na yi na ƙarshe, a ƙirjinsa ya ɗora, ya riƙe bai saki ba. Muka zauna haka har aka ce lokacin ziyara ya ƙare.

Ya rasu ranar wata Laraba da hantsi, ina sito ina lodi. A maƙabartar Al Quoz aka rufe shi, ba nisa da inda ya faɗi. Mutumin da ya ciyar da rabin Al Sabkha, sahu ɗaya muka yi, shi ma bai cika ba. Kowa na da kwantena. Da na koma karɓar kayansa, leda ɗaya ce: hula, carbi, da basillarsa. Tana cikin akwatina har yanzu.

An daɗe da yin wannan. Na bar kago, ƙungiyar ma ta watse, na ji an ce gidan ya canza hannu. Ba na ba da labarin don a ce wane ne mugu. Na duba, na sake dubawa, ban sami mugu ko ɗaya ba. Kowa ya yi abin da takarda ta ce. Mu mun biya, mun ɗauka biya zuwa ne. Su sun tambaya, sun ɗauka amsa gaskiya ce. Tsakanin masu biya da masu karɓa aka rasa mutum ɗaya da zai ɗaga zani, kuma wanda ya fi kowa kusa da zanin ni ne.

Yanzu in na kira mahaifiyata ta ce da sauƙi, ba na sakin ta. Sai na ce, "Inna, a tsaye kika yi sallar asuba ko a zaune? Me kika ci? Wa ya ɗebo miki ruwa?" Har takan ce, "Kai wai ɗan sanda ka zama ne?" In ce e, na zama. In kuna da tsoho a hannun wasu, a gida ne ko a asibiti ko a irin wancan gidan, don Allah kada ku tsaya a amsar farko.

Kwanakin baya zazzaɓi ya kayar da ni. Yanzu ni kaɗai nake a ɗaki, abokina ya yi aure ya koma Sharjah. Kwana biyu ban iya tashi na dafa ko ruwan zafi ba, na'urar sanyi na ta ƙugi, rana ta cika labule. Rana ta uku da azahar sai ga wayarsa, wani ya gaya masa ba a gan ni a masallaci ba.

Ya ce, "Mutumina, an ce ba ka da lafiya. Ya jikin?"

Kafin in yi tunani, bakina ya riga ni. "Da sauƙi."

Ya ce, "To madalla. Allah ya ƙara sauƙi. Zan shigo."

Na bar wayar a kunnena ina jiran tambaya ta biyu. Na daɗe a haka kafin in gane ya riga ya kashe.